Injin yankan ciyawa mai ƙafa biyar ko mai shida: wanne ƙaramar tarakta za ta iya ja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da harabar wata makarantar kwana a bayan Rigachikun, kan hanyar Zariya. Muna da filin ƙwallo da kewayen azuzuwa, wajen hekta ɗaya, sai lambun mangwaro da tsohuwar gona a baya, wajen hekta huɗu. Mun sayi ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 35, yanzu injin yankan ciyawa muke nema da za a ɗaura mata. Wani dillali ya nuna mana mai faɗin ƙafa shida, har da mai bakwai, ya ce gara mu ɗauki mai faɗi mu riƙa gamawa da wuri. Wanne ya dace da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a wannan hidima. Shawarata ita ce ku ɗauki silasha, injin nan mai manyan wuƙaƙe biyu da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai faɗin ƙafa biyar, wato mita ɗaya da rabi. Mai ƙafa bakwai ku cire shi daga lissafi tun yanzu. Mai ƙafa shida kuwa yana da sharaɗi, zan zo kansa, amma a filin da ka kwatanta ban ga ya cika sharaɗin ba.

Mu fara da dokin 35 ɗin nan. Wannan adadi na injin taraktar ne, kuma ba duka yake isa ga wuƙar da ke yanka ciyawa ba. Famfon haidirolik yana cin nasa, giya tana cin nata, abin da ya rage shi ke fitowa ta sandar baya mai juyawa, wadda ake kira PTO. A yawancin ƙananan taraktoci abin da ke fitowa nan bai wuce kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na ƙarfin injin ba. Taku ke nan tana ba da doki 26 zuwa ƙasa da 30 kaɗan a PTO, in sabuwa ce. In ta hannu ce da ta sha aiki, sai a ƙara ragewa. Ka buɗe littafin taraktar ka nemi wannan adadi na biyu, domin da shi ake auna faɗin injin da za a saya. Masu ƙera silasha da masu aiki da ita suna da ma'aunin da suka daɗe a kai: kowace ƙafa ɗaya ta faɗi tana son doki biyar a PTO. Ƙafa biyar, doki 25, kun wuce da ɗan rara. Ƙafa shida, doki 30, kun gaza. Ƙafa bakwai, doki 35, ba ku kusa ba.

Wannan ɗan rarar kuwa kada ka raina ta, saboda irin ciyawarmu. In dillali ya gwada maka inji a watan Mayu, ruwa ya fara sauka, ciyawa ba ta wuce idon sawu ba, kowane faɗi zai burge ka. Gwajin gaskiya sai Agusta da Satumba, lokacin marka, sa'ad da gamba ta haura tsayin mutum, kyasuwa ta cika kowane lungu, tofa ta yi kauri, tafasa ta fara zama itace, ga komai jiƙe da ruwa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana da nauyi, tana manne a cikin bodin injin, wuƙa ta riƙa sake saran abin da ta riga ta sara. A nan za ka ji muryar tarakta ta sauka, hayaƙi ya yi baƙi, allurar zafi ta fara hawa. Makarantar kwana kuma dogon hutunta a tsakiyar damina yake faɗowa, ciyawa ta samu makonni ba mai taɓa ta, sannan a ce a share kafin ɗalibai su dawo. Don wannan yankan ake sayen inji, shi ya kamata ka sa a gaba.

Maganar gamawa da wuri ma a yi mata lissafi. Ana ninka faɗin inji a mita da gudun tarakta a kilomita cikin awa, a raba da goma, a samu hekta nawa za a yanka a awa. Sai a zubar da kamar kashi ɗaya cikin biyar saboda juyi a bakin fili da ɗan hawa kan layin da aka riga aka yanka. Mai ƙafa biyar a gudun kilomita 6 zai ba ka hekta 0.72 a awa. Mai ƙafa shida, wato mita 1.8, a wannan gudun zai ba ka 0.86. A hekta biyar ɗinku, na farko awa bakwai, na biyu ƙasa da awa shida kaɗan. Duk ribar da ake yi maka talla awa ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma sai in ciyawar gajera ce. Da zarar ta yi kauri, mai ƙafa shida zai tilasta wa direba saukowa zuwa kilomita 4, ya koma 0.58, alhali mai ƙafa biyar yana riƙe da kilomita 5, yana ba da 0.6. Dalilin a bayyane yake: dokin da ke aikin ɗaya ne, faɗin bodi ba ya ƙara masa ƙarfi. Abin da ya ƙaru shi ne shan gas da wahalar kuloci.

Masu son mai faɗi suna da hujja ɗaya da ban raina ba. Sukan ce in ciyawa ta yi yawa sai ka ci rabin faɗin, in ta yi sauƙi ka ci duka, amma ƙaramin inji ba ya buɗewa. Gaskiya ne ta fuskar yanka. Sai dai nauyin injin yana nan ko ka ci rabi ko ka ci duka, kuma nauyin shi ne matsala ta biyu. Silasha mai ƙafa biyar ta ƙaramin aiki takan kai kilo 220 zuwa 300, mai ƙafa shida takan haura 300 har ta doshi 400, wadda aka ƙera da kaurin faranti kuma ta fi haka. Nauyin nan ba a jikin tarakta yake ba, can baya yake rataye, nesa da tayoyi. In aka ɗaga shi don juyi ko tsallake kwata, gaban tarakta sai ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, a kan gangare kuwa abin yakan kai ga kifewa. Ƙa'idar ita ce aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tarakta ya zauna a kan tayoyin gaba, in bai kai ba a rataya mata ƙarafan nauyi a goshi. Da yawa daga silashar da ke kasuwanninmu an yi su ne don manyan taraktoci irin Massey Ferguson 375 mai doki 75, wadda manoma suka fi sani. Ɗaura irin wannan a bayan taku kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Fil ɗin da ke haɗa injin da hannayen bayan tarakta ma ba zai shiga daidai ba: ƙananan taraktoci hannayensu na rukuni na ɗaya ne, fil na ƙasa milimita 22, na sama 19, manyan kuwa rukuni na biyu, 28 da 25. Ka auna kafin a yi ciniki.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba, kuma ina zargin dillalin bai bambance maka ba: wane irin inji ne mai ƙafa shidan? Domin iri biyu ne ake yawan rikitawa. Akwai silasha, mai manyan wuƙaƙe biyu masu kauri da ke lilo a kan fil, giyabos a tsakiyar bodi, taya ɗaya a baya. In wuƙarta ta daki dutse ko kututture sai ta kauce baya, ta dawo. Tana cin doguwar ciyawa da ƙananan itatuwa masu kaurin babban yatsa, amma askinta ba ya yin sumul. Akwai kuma injin gyaran fili, mai ƙananan wuƙaƙe uku da bel ke juyawa, yana tafiya a kan ƙananan tayoyi huɗu, yana aske ciyawa ƙasa ƙasa ta yi kyau kamar darduma. Wannan na biyun bai kai silasha cin ƙarfi ba, mai ƙafa shida daga cikinsa taraktarku za ta ja shi lafiya. Sharaɗin da na ambata ke nan: fili ya zama shimfiɗaɗɗe, babu duwatsu, ciyawar ta zama gajera irin kirikiri, ana yanka ta duk mako ko kwana goma a damina. Na filin folo ne irin na Dandalin Murtala, ko filin wasa na Ahmadu Bello, duk a Kaduna. Ranar da aka shiga da shi cikin gamba, bel zai yi ta zamewa har ya ƙone, boris ɗin wuƙaƙe su yi zafi, in ya daki kututture kuma sandar wuƙar ta lanƙwashe. Hekta ɗaya ce kawai a cikin biyar ɗinku ta dace da shi, ita ma da kyar.

Sai ƙasar kanta, wadda ni a ganina ita ce babban dalili, ta fi ma ƙarfin doki. Bodin inji faranti ne miƙaƙƙe, ba ya lanƙwasa ya bi tudu da kwari. Iya faɗinsa, iya yadda yake kasa bin ƙasa. In ya hau ɗan tudu, tsakiyarsa ko gefensa ya kwashi ƙasa, ya bar tabo ja babu ciyawa. In ya ratsa kwari, ya wuce ta sama ya bar ciyawar tsaye. Tsohuwar gona kuwa kunyoyinta ba sa ɓacewa da wuri, suna nan ƙarƙashin ciyawa shekaru bayan an daina noma. Ga suri da gara ke ginawa, wanda taurinsa ya kusa na siminti. Ga marmara da ke leƙowa a wurare da yawa a ƙasar Kaduna, ga kututturan da aka sare aka bari, ga ramukan da ruwa ya zaizaye. Kowane duka da wuƙa ta yi wa ɗayan waɗannan, giyabos ne ke sha, daga shi sai shaf, wato sandar da ke haɗa shi da PTO, daga shaf sai cikin taraktar. Inji mai faɗi ya fi yawan haɗuwa da su a kowane layi, kuma direba ya fi wuyar kauce musu. Shi ya sa nake roƙon ku, tun kafin inji ya iso, a bi filin nan da ƙafa a rani lokacin da komai ke bayyane. A tone kututture, a fasa suri, a tsince duwatsu da guntayen bulo da waya, abin da ya gagara a kafa masa doguwar sanda mai ƙyalle. Waya ta fi komai ɓarna, domin nannaɗewa take yi a ƙarƙashin giyabos ta cinye sil, wato robar da ke tare mai, man ya tsiyaye ba a sani ba. In da hali a bi tsohuwar gonar da haro sau ɗaya a baje kunyoyin, za ku ga bambanci a kowace damina bayan haka.

Ta ɗaya gefen kuma kada a ƙanƙance. Ɗauki tef ka auna taraktar daga wajen tayar baya ta hagu zuwa wajen ta dama. A masu doki 35 yakan kama mita 1.4 zuwa 1.5. Ana so inji ya rufe sawun tayoyin, ko ya ɗan ɗara, in ba haka ba taya za ta riƙa kwantar da ciyawar da wuƙa ba ta kai gare ta ba, kuma ba za ku iya matsawa jikin katanga ba. Wannan ne ya sa ban ce ku sayi mai ƙafa huɗu ba, ko da yake ya fi sauƙin ja. In tayoyinku sun fi ƙafa biyar buɗewa, a wasu taraktoci ana iya juya rim a matso da su ciki. Ka auna ƙofar da za a riƙa shiga lambu, da tazarar da ke tsakanin bishiyoyi, ka tuna bodin ya fi faɗin yankansa da 'yan inci, kuma wutsiyar silasha tana yin faɗi da yawa wajen juyi. Ƙananan dashen mangwaro da yawa a nan suke rasa bawonsu.

Wataƙila a nuna muku wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin cikin tarakta, tsakanin tayoyin gaba da na baya, masu inci 54, 60 ko 72, irin na Kubota da John Deere. Yana da daɗin tuƙi a kewayen gine-gine. Amma yana buƙatar PTO ta tsakiya, mai juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, wadda ba kowace tarakta ke da ita ba, kuma maƙallansa na samfurin tarakta ɗaya ne tak. Na hannu sau da yawa suna zuwa babu maƙallan. Yana kuma rage tazarar cikin tarakta da ƙasa, sai an kwance shi kafin a shiga gona. Ban ba ku shawararsa ba.

Wanda zan so ku duba in aljihu ya yarda shi ne mai ganga, wato wanda ƙananan wuƙaƙe ko guduma masu yawa ke rataye a jikin ganga mai juyawa a kwance. Yana niƙe ciyawa, yankansa ya fi na silasha kyau, kuma abin da ya daka ƙasa yake bugawa, ba ya cilli da shi nesa. A makaranta wannan babban abu ne. Sai dai ya fi tsada, ya fi tafiya a hankali, wuƙaƙensa kuma sai an tabbatar ana samunsu kafin a saya. Shi ma ƙafa biyar ne iyakarku.

Na ambaci cilli, bari in tsaya a kansa domin akwai yara a wurin. Bakin wuƙar silasha yana gudun da ya kusa kilomita 300 a awa. Tsakuwar da ta daka tana iya fasa gilashin aji, tana iya fasa ido, tana iya kisa. Littattafan masu ƙera ta suna cewa a tsaya da aiki in akwai mutum a cikin tazarar da ta kusa mita 100. Don haka ba a yanka lokacin tara ko lokacin wasa, kuma kada ku karɓi injin da ba shi da labulen sarƙa ko na roba a gaba da baya. Shaf ɗin PTO kuma yana juyi 540 a minti, sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. In ya kama bakin riga babu wanda ke da saurin ƙwacewa. Direba ba ya hawa da babbar riga ko jallabiya ko rawani mai jela, rigar robar da ke rufe shaf ba a cire ta, ba a ɗaukar yaro a kan tarakta, ba a sauka sai an kashe inji wuƙa ta tsaya cak. Ina roƙonka ka tsaya a kan wannan da kanka, kada ka bar wa direba shi kaɗai.

In ka je sayen mai ƙafa biyar ɗin, ka fara da giyabos. A jikinsa akwai ƙarfin dokin da aka yi shi dominsa, ka nemi na doki 40 ko sama, mai karɓar juyi 540, bakin shaf mai haƙora shida. Ka buɗe ka ga man, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. Mai lamba 90 ake zuba masa. Ka kama wuƙa ka girgiza sama da ƙasa, in sandar tana motsi boris ya tafi. Kaurin bodi kada ya gaza milimita uku, kuma ka fi son wanda ke da faifan ƙarfe zagayayye a ƙarƙashi inda wuƙaƙe ke maƙale, domin shi ke sa inji ya zame ta kan kututture maimakon ya kafe. Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna suna ƙera bodi mai ƙarfi, suna kuma gyara wanda ya tsage, aikinsu na walda abin yabo ne. Abin lura a na gida shi ne nauyi da daidaiton wuƙaƙe. Wuƙar silasha ba a yi mata walda, ba a yanko ta daga kowane ƙarfe, kuma biyun tare ake canza su, domin in ɗaya ta fi ɗaya nauyi girgizar za ta kashe boris ta tsaga bodi.

Tsakanin shaf da giyabos dole a samu abin da zai sadaukar da kansa in an daki abu mai tauri. Ko dai ƙusa mai laushi da aka yi don ta karye, ko faifan kuloci mai zamewa. Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne in ƙusar ta karye sau biyu sai a ɗauko ƙusar mota mai tauri a sa, a ce an huta. Daga ranar, duka na gaba haƙoran giya ne za su karye a madadinta. Ku sayi ƙusoshin da yawa ku ajiye a akwatin tarakta. A filinku mai suri da kututture na fi son mai kuloci, amma shi ma in ya kwana rani bai yi aiki ba yakan manne, sai an sassauta notinansa a farkon damina an bar shi ya ɗan zame, sannan a mayar yadda yake. Tsawon shaf ma a gwada shi da inji a sama da ƙasa: in ya yi tsawo zai tokare ya fasa bayan tarakta, in ya gajarce zai zare. Sannan ka tambayi makanike ko PTO ɗin taraktarku mai zaman kanta ce. In irin wadda ke haɗe da giya ce, nauyin wuƙa mai juyawa zai ci gaba da tura tarakta gaba ko an taka kuloci, sai an sa mata ɗan ƙarfen da ke barin shaf ya juya shi kaɗai.

Wajen aiki, totur yana tsayawa ne a alamar 540 da ke kan agogon tarakta, gudu kuma da giya ake rage shi. Doguwar ciyawa sau biyu ake bin ta, na farko inji a sama, na biyu a sauke. Gaban bodi ya ɗan fi bayansa sauka kaɗan, kamar inci ɗaya, don kada wuƙa ta yanka ciyawa sau biyu. A filin ƙwallo, in an wasa wuƙa aka rage gudu aka bar tsayin yatsu huɗu, silasha za ta ba ku filin da yara za su yi wasa a kai ba tare da kunya ba, gefen azuzuwa kuma a ƙarasa da ƙaramin injin turawa ko langalanga. Daga Oktoba, in kyasuwa ta fitar da kai, ƙaiƙayinta yana toshe ragar lagireto cikin ɗan lokaci, sai a riƙa tsayawa ana sharewa. Da hunturu kuwa wuƙa in ta daki marmara tana ba da tartsatsi, busasshiyar ciyawa kuma ba ta jira, don haka a gama babban yanka kafin ciyawa ta bushe.

Abu ɗaya da zan ƙara, tunda makaranta ce mai yiwuwa kuna da dabbobi: silasha dagargaza ciyawa take yi, ba a kwasar abin da ta bari a yi harawa, gambar da ta bi kuma ba ta zana. In kuna son ɗayan biyun, ku keɓe wani yanki a yanka da lauje.

Kafin ku biya, ku nemi mai injin ya yarda a ɗaura shi a taraktarku, a filinku, a shiga inda ciyawa ta fi kauri. A ɗaga shi sama a ga ko gaban tarakta ya tsaya daram, a yi layi biyu ko uku a giyar aiki, kunne yana kan muryar inji, ido yana kan allurar zafi. Bayan an kashe, a taɓa giyabos: ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai akwai magana. A cikin cinikin ku haɗa da wuƙaƙe biyu na ajiya da fil ɗinsu, da sil ɗin giyabos, tun ana ganinsu a shago. Allah ya sa a saya a sa'a.